Kujerar Bakin Shagon Zare

Zuwa ga taubashiyata, Uwar Taswira,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da sanyin ƙasar nan taku da kika ce yana shiga har ƙashi. Mu nan lafiya ƙalau. Gwaggonki, Innata, tana gaishe ki. Hannun hagun yana nan yadda kika bar shi, ƙafar ma ja take yi, amma bakin ya ɗan saki. Jiya har ta wanke wani tela tas don ya ce zaren da ta zaɓar masa bai dace da yadinsa ba. Ita ce ta ce in rubuto miki a takarda, don a waya sai kin yi ta cewa “Na'am?”, ita kuwa ba ta son a sa ta maimaita magana. Amsarki ma a takarda take so, in karanta mata, ta riƙe a hannu.

To, ga abin da ake ciki. Majalisar birni ta tuna da titinmu. Shekara da shekaru fitilar kan kwana a mace, kwata a toshe, ba wanda ya leƙo, sai yanzu da wani kamfanin gini ya ƙyalla ido a kan tsohon siton nan na ƙarshen layi. Za su rushe shi su ta da bene mai ofisoshi da manyan kantuna. Mu kuma wai titinmu ya yi cunkoso, don haka ana shawarar a kafa turakun ƙarfe a bakinsa, mota ta daina shiga, a shuka itatuwa, a jera bencina. Motocinmu da na masu sayayya duk a kai su wani benen fakin na kowa da kowa da za a gina can gangare, bayan gidan waya, ƙetaren babban titi.

Wanda ya kawo mana wannan albishir shi ne kansilanmu, da muke kira Mai Turare, don kafin ki gan shi hancinki ya riga ya gaisa da shi. Ya zo da ƙaton hoto an zana titinmu a ciki. Na bi mutanen hoton ɗaya bayan ɗaya. Duk sirara ne, duk murmushi suke yi, ba mai ɗauke da kaya, ba tsoho, ba mai tari. Na tambaye shi ina aka samo su, ko tare da itatuwan za a kawo mana su. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. An wanke rigar, har yanzu tana ƙamshi.

Kin san abin da ya dame ni. Kullum da safe nakan ɗauke kujerar ƙarfen nan da ke tsare mana wuri, in tsayar da mota daidai ƙofar shago, in kama Inna ta dafa ni, taku kaɗan ta shige ta zauna bayan akwatin maɓallai. Nan take wuni. Ita ta buɗe shagon nan tun ban san hagu da dama ba, ta san telolin garin nan har iyayensu. Matata makaranta take wuni tana koyarwa, in aka bar Inna a gida ita kaɗai ce da bango. Ranar da ba a fito da ita ba ko abincin kirki ba ta ci. Daga benen fakin ɗin nan zuwa ƙofarmu kuwa hawa ne, ga gadar ƙafa mai matakala. Ni da ƙafafuna biyu ma sai na huta a tsakiya.

Majalisa ba ta yanke ba tukuna. An ce za a turo masu ƙidaya su duba titin, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, sannan a kaɗa ƙuri'a. Mu masu shaguna mun kafa ƙungiya, aka ba ni shugabanci, don Mai Katifa ba ya iya kai magana ƙarshe, Mai Agogo kuwa ba ya jin ta tun farko. Ke da kike zaune a ofis kina zana tituna, gaya mana yadda irinku suke tunani, in dai suna yi.

Ɗan gwaggonki,
Sarkin Maɓalli, kamar yadda kika raɗa mini

*

Zuwa ga Sarkin Maɓalli,

Bayan gaisuwa da fatan kun wuni lafiya. Mu ma lafiya, sai autana da ya yi ɗan tari, ya kuma warke. Ka durƙusa ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce na ji labarin telan, na kuma ce madalla, haka nake son ji.

Ina taya ka murnar samun sarauta ta biyu. Shugaban ƙungiyar mutum uku da tayar mota ba ƙaramin muƙami ba ne. Har yanzu tsohuwar taya Mai Katifa yake ajiyewa a bakin shagonsa? Mai Agogo fa, bokitin fentin nan da ya cika da siminti yana nan? Ban taɓa ganin titin da kowa ya ɗaure wa kwaltar gwamnati tarkacen gidansa ya ce tasa ce ba, sai naku.

Hoton da aka nuna muku na san shi. Mutanen ciki daga kwamfuta ake kwaso su a manna. Akwai wata mata mai keke da kwandon furanni, na gan ta a garuruwa da yawa, ina jin ita ma ta gaji. Irin su Mai Turare kuwa muna da su a nan, namu dai ba sa ƙamshi. Ba mugaye ba ne can can, raggwaye ne. Ba sa karanta rahoto, shafin ƙarshe suke buɗewa su ga lamba, in lambar ta yi daidai da abin da kamfani yake so sai su ɗaga hannu su tafi cin abinci.

Shi ya sa ka saurare ni a nan. Masu ƙidayar za su zo su rubuta motocin da ke tsaye, da irinsu, da daɗewarsu. Abin da suka rubuta shi ne titinku a idon majalisa, ba abin da kuka faɗa da baki ba. Kada ku yi musu dabara. Ku bar su su ga titin yadda yake kullum.

Abu na biyu ya fi wannan. Ka je wurin likitan Gwaggo ya rubuta maka shaida, ka karɓo alamar masu nakasa ka manna a gilashin mota, sannan ka nemi majalisa ta ware muku wuri a ƙofar shago. Ko an rufe titi, akan bar wa irin waɗannan motocin hanya, amma sai an san da su kafin a sa hannu. Ka yi shi yanzu, kada ka ce sai ka gama shugabanci.

Keken zaman da na aiko wa Gwaggo fa? Matarka ta ce mini tulin leshi kuke jibgawa a kansa. Ko leshin ne ya yi shanyewar jiki?

'Yar kawunka,
Uwar Taswira

*

Uwar Taswira,

Muna lafiya. Ina fata ku ma haka.

Takardarki ta iso ana tsakiyar ciniki. Inna ta ce in buɗe nan take. Ga Mai Katifa a tsaye, ga teloli biyu suna zaɓar zif. Na karanta da ƙarfi yadda take so, aka yi ta dariyar matar nan mai keke, har Inna ta riƙe ciki. Ban ankara ba bakina ya faɗa kan kalmar nan da kika sa a maganar alamar mota. Na yi ƙoƙarin haɗiye ta, ta riga ta fita. Inna ta juya ta fuskanci kantar zare har muka rufe.

Matar da ta goya ki lokacin da mahaifiyarki take kwance, ita ce yau za a manna wa alama a gilashi kowa ya karanta? Kin san kuwa masu sayayyarmu ba su taɓa ganin ta tana jan ƙafa ba? Kafin a buɗe shago ta shiga, sai an rufe take fita. A zaune suke ganin ta, da tef ɗin awo a wuya, yadda suka saba ganin ta tun suna yara. Ciwo ya same ta, amma ita ce mai shagon nan har gobe. Keken da kika aiko ita ta ce a ɗora masa leshi, ba ni ba.

Sai kuma shawararki ta mu bar su su gani. Na gane. Mu naɗe hannu, 'yan uwanki masu takarda su zo su rubuta cunkoso, su kai wa Mai Turare. Dama na san a ƙarshe kowa ɓangaren masu irin tebur ɗinsa yake komawa. Mun gode. Ba mu yi karatun zanen titi ba, amma a kansa muka tsufa.

Ɗan gwaggonki

*

Zuwa ga Sarkin Maɓalli, mai fushi da wasiƙa,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Gwaggo? Ita nake tambaya, kai na san lafiyarka ƙalau, tunda kana da ƙarfin yin gaba.

Wata ya kama ya mutu, wani ya kama, ban ji daga gare ka ba. Na kira waya, matarka ta ce ka fita, alhali ina jiyo tarinka a bayanta. Ko ɓuya ma ba ka iya ba.

Ban san a gaban jama'a kake karanta mata ba. Da na sani da na raba takarda biyu, taka daban, tata daban. Abin ya tsaya mini a rai, na yi kuka a ofis, wanda ban taɓa yi ba. Ka ba ta haƙuri a madadina, ka ce 'yarta ce ta yi ɓarin baki. Amma kalmar ba tawa ba ce, ita ce a rubuce a dokarsu, kuma da ita kaɗai ƙofar ke buɗewa. Alamar ba a goshin Gwaggo za a manna ta ba, a gilashin tsohuwar motarka ne, wadda ta fi kowa buƙatar a tausaya mata.

Ban kuma ce ku naɗe hannu ba. Na ce a ga titin da motocinsa da mutanensa, a ga ana amfani da shi. Sake karantawa, wannan karon a zuci, kuma da tabarau.

An zo ƙidayar? Yaushe ne zaman? Ka rubuto, ko zagi ne, in dai da labari a ciki.

'Yar kawunka

*

Zuwa ga taubashiyata, Uwar Taswira,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun yafe miki, ni da Inna. Ita ta riga ni, ni sai da na ga dama. Jikinta da sauƙi, sai ɗan rama da ta yi kwanan baya, zan gaya miki dalili.

Na ƙi rubutowa ne sai aiki ya kammala, don kada ki sa mini baki ya lalace. Yanzu zauna ki ji yadda ake yi wa majalisa.

Na tara 'yan ƙungiya a bayan shagon Mai Katifa na tambaye su, “Me suka ce laifin titinmu?” Suka ce cunkoso. Na ce, “To in suka zo ba su tarar da cunkoso ba fa?” Mai Agogo ya ce a maimaita masa, aka maimaita, ya miƙe ya ba ni hannu.

Makon ƙidaya kowa ya bar motarsa a gida. Ni kaina bas na riƙa hawa, na tsufa a tsaye. Kowane shago ya fito da mai tsaronsa, taya da bokiti da ƙarfen gado da kujerata, muka ɗaure su da sarƙa tun daga wannan kwana har waccan. Masu sayayya muka roƙe su su yi fakin a layin baya su tako. Mai Katifa a ka ya riƙa shigo da katifu ta lungu, yana haki yana yi mini addu'a. Ba ki ga titin ba. Fayau, sai iska da tattabaru. Ni da aka haifa a nan ban taɓa sanin faɗinsa ya kai haka ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, Mai Magani na can ƙarshen layi. Wai shi marasa lafiya ke zuwa wurinsa, ba zai hana su tsayawa ba. Dama can mutum ne mai ganin farar rigarsa ta fi ta kowa fari. Ƙofarsa kaɗai ta yi ta cika da motoci har makon ya ƙare, ya ɓata mana kusurwa guda ta titin. Mun cire shi daga ƙungiya, ko da yake bai taɓa shiga ba.

Masu ƙidayar mutum biyu ne da riguna masu ƙyalli da allon rubutu. Sun yi ta kai da kawo suna hamma, ba abin ƙirgawa. Na fito musu da ruwan sanyi, na ce, “Sannunku da aiki. Kun ga cunkoson?” Ɗayan ya ce bai gani ba. Na ce ya rubuta haka da manyan baƙaƙe. Har hoton kujerata ya ɗauka, na gyara mata tsayuwa.

Inna ce kawai ta sha wahala, don ba mota ba fita. Maƙwabciyarmu ta riƙa leƙa ta. Ta yi fushi, ta ture abinci, na ce ta daure, mako ɗaya ne a madadin sauran shekaru. Yanzu ta koma mazauninta, har ta fara yi wa teloli faɗa.

Maganar likita kuwa ki bar ta. In ba a rufe titi ba, me za a yi da alama? Wani lokaci ki riƙa gaya wa mutanen ofishinku cewa kina da ɗan'uwa mai sayar da maɓalli, ko za su ƙaru.

Naki,
Sarkin Maɓalli, kuma Shugaba

*

Ɗan'uwana,

Gaisuwa. Ina fata Gwaggo ta mayar da ƙibarta. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa yau, ka yafe ni. Wannan takardar taka ce kai kaɗai, kada ka karanta ta a shago.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na nemi wuri na zauna. Cunkoso magana ce ta baki, ta Mai Turare, ta jan hankali. Ba cunkoso aka turo su ƙirgawa ba. An turo su su ga ko akwai masu buƙatar wuraren fakin na titinku, don a san ko za a iya ɗauke su ba tare da an cuci kowa ba. Kun ɗauki mako guda kuna nuna musu cewa ba mai buƙata. Kamfanin ginin nan da zai roƙi wani abu a duniya, da abin da kuka yi masa zai roƙa, kun kuwa yi masa har da ruwan sanyi.

Shekara nawa kuna kare wurin nan da kujera daga maƙwabci da baƙo, har kuka ɗauka ita ce maganin kowa. Majalisa ba direban da ya zo wucewa ba ce da za ta ga kujera ta yi gaba.

Saura zaman jin ra'ayi. Kada ka je ka yi musu wa'azi a kan lalacin majalisa, sun sani, ba ya damun su. Kada ka yi ba'a da hoto. Ka miƙe ka ce kana da mahaifiya mai shanyewar ɓarin jiki, wadda ba ta iya zuwa wurin sana'arta sai mota ta kai ta ƙofa. Ka faɗe shi a fili, da kalmar da suka sani, a rubuta. Ka tafi da shaidar likita a aljihu. Ba sai Gwaggo ta je ba, ba sai ta ji ba.

Na roƙe ka don girman nonon da ka sha. Ka raina ni daga baya, ina nan, ba inda za ni.

'Yar kawunka

*

Uwar Taswira,

Muna lafiya. Inna tana gaishe ki. Takardarki ta zo kafin zaman, na karanta ni kaɗai, kamar yadda kika ce.

An yi zaman a babban ɗakin majalisa, mai kujerun da suka fi na asibiti taushi. Kansiloli a jere a sama, kowa da robar ruwa a gabansa, rabinsu suna latsa waya a ƙarƙashin tebur suna ganin ba a gani. Mutumin kamfani ya zo da takalmin da bai taɓa taka kwatarmu ba, ya yi magana a kan makomar birni har Mai Agogo ya yi barci.

Sai wani jami'i ya kashe fitila ya haska bango. Kujerata ce ta fito, ta cika bangon, har ɗinkin waldan da ke ƙafarta ana gani. Bayanta titi fayau. Ya ce bincike ya nuna kusan ba mai amfani da wuraren fakin na wannan titi, tarkace ne kawai ake ajiyewa a kansu. Tarkace, in ji shi. Kujerar da mahaifina ya saya.

Na miƙe na ce da gangan muka yi, titin ba haka yake ba. Ɗaki ya kwashe da dariya. Mai Turare ya gyara abin magana ya ce, cikin ladabi irin nasa, “Shugaba, kana nufin ƙungiyarka ta shirya ta yaudari ma'aikatan majalisa?” Mai Katifa ya ja mini riga ta baya. Na ce ina nufin majalisar da ba ta san titi ba sai a bango ba ta da bakin yanke masa hukunci. Na faɗi maganar fitila, na faɗi ta kwata, na tambayi ina matar nan mai keke. Wasu sun tafa. Na ga magatakarda ya ajiye biro tun ina tsakiya.

Akwai wata kansila, dattijuwa, ita kaɗai na ga rahoton a buɗe a gabanta. Ta tambaya ko a titin akwai wanda lafiyarsa ta sa dole mota ta kai shi ƙofa. Jami'in ya ce motoci masu alama a gaban kantin magani kaɗai aka gan su, an kuma bar musu wuri a can, wajen turaku. Ta ɗago ta dubi jama'a ta ce, “Akwai wani kuma?”

Takardar likitan tana aljihuna. Na je na karɓo, kada ki ce ban je ba. Amma a layin bayana teloli ne zaune, nata, waɗanda ta koya wa bambanta zare. Sun zo mara mana baya. Yanzun nan aka gama yi mini dariya, sai in kuma miƙe in shimfiɗa Inna a gabansu, da ɓarin jikinta, a rubuta a littafin majalisa? Na bar takardar a aljihu. Dattijuwar ta jira, ta sake duba ɗakin, ta rufe rahoton.

Sun kaɗa ƙuri'a, sun ɗaga hannu kamar masu tsayar da tasi. Mutum biyu ne suka ƙi, ɗaya ma ina jin bai ji abin da ake tambaya ba ne.

Washegari na kai takardar ofishinsu. Wata mata ta karɓa da yatsa biyu, ta ba ni alamar, ta ce wuri kuwa zane ya riga ya rufe, sai in an gama gini a sake dubawa. Na tambaye ta yaushe. Ta ce ba sashenta ba ne. Ban taɓa ganin gida mai sassa da yawa da ba kowa a ciki irin wannan ba.

Kada ki rubuto ki ce kin faɗa. Na san kin faɗa.

Ɗan gwaggonki

*

Zuwa ga 'yar'uwata,

Gaisuwa. Na ga wasiƙunki biyu, na gode da ba ki ce komai ba a kan abin da na hana ki. Ƙarar da kika tsara na sa hannu na kai, an buga mata hatimi, an ce a jira. Jikin Inna ba ciwo, in ji likita. Abinci ne dai sai an yi da gaske.

An kafa turakun. An shuka itatuwan, sanduna ne da ganye uku uku, an ɗaure su da igiya kada su gudu. Mai Turare ya zo ya yanke ƙyalle, aka ɗauke shi hoto a kan benci, bai sake zama a kansa ba. Benen fakin kuwa har yanzu rami ne da ruwa a ciki.

Na sauke leshin daga kekenki. Na yi ta lallashi har Inna ta yarda mu gwada. Na yi fakin a gaban Mai Magani, ya fito da farar rigarsa ya riƙe mana ƙofar mota, abin da ya fi zagi ciwo. Na turo ta ta tsakiyar titi, a kan sabon daɓe. Da sassafe ne, amma titin da ba mota kowa yana ganin kowa. Mai Katifa ya fito da gudu yana “Sannu Inna, Allah ya sawwaƙe.” Wani tela ya durƙusa ya riƙe hannun keken yana girgiza kai, wai bai san abin ya kai haka ba. Wata mata ta tsaya tana kallon ƙafar. Muna hango ƙofar shago Inna ta ce, “Mai da ni.” Na ce mun kusa. Ta ce, “Na ce ka mai da ni.” Ba ta sake yarda ba.

Ma'aikatan majalisa sun ce kujerar tana tare wa masu tafiya hanya, in ɗauke ko su ɗauke. Na kai ta gida. Inna ta ce a ajiye mata ita a bakin taga, mai kallon inda nake fakin. Tana da kujera mai laushi, ta ƙi. Matata ta ce kullum in na fita sai ta sa a ɗaura mata ɗankwali, a rataya mata tef ɗin awo, ta zauna a kan ƙarfen nan har a dawo.

Da yamma in na shigo takan tambaye ni, “Wa ya zo?” Sai in zauna in lissafa mata teloli, wa ya sayi me, wa ya yi ƙorafi, ita kuma ta gaya mini wanda na ba zaren da bai dace ba. Na saba har nakan riƙo sunayen tun daga shago, ina maimaita su a mota kada in manta.

Jiya na shigo da su a bakina, na gaishe ta, na tsaya. Ba ta tambaya ba.

Ki rubuto mata. Ki sa labarin yara da yawa.

Ɗan gwaggonki